Kundin Alhamis

Mu huɗu muka fara,
a wani bene a Jekadafari,
saman shagon mai gyaran agogo.
Fanka ɗaya, kujera uku,
wanda ya makara, akwatin fayil ne mazauninsa.

Gidado ne ya sayo kundin,
baƙi, mai kauri, warin kanti bai sake shi ba.
Ya ce: kowa ya rubuta shari'ar da ta kayar da shi.
Ban da wadda ka ci.
Wannan gari ya ji ta tun ba ka tuɓe baƙar riga ba.
Kada a kama sunan mai ƙara, kama naka.

Muka yi tsit.
Wanzami ba ya son jarfa.

Saraya ce ta fara jan biro.
Wata gona a Kaltungo, tsamiya a kan iyaka,
da yadda ta ƙirga kwanaki ta tsallake guda,
ɗaukaka ƙara ta mace mata a hannu
kamar ɗan tsakon da aka matse don ƙauna.
Ta sa hannu. Ba ta ɗago kai ba.

Ni na rubuta wani tsoho daga Dukku,
shaidan abokin gaba, ya gama, zai sauka,
sai kwaɗayi ya ce mini: ƙara masa tambaya ɗaya.
Na ƙara.
Amsarsa ta cinye mini gida da garke.

Damina biyu, muka kai goma sha ɗaya.
Kundi ya koyi shiga mota:
Kumo, Billiri, Bajoga.
'Yan kamasho sun san shi,
yana dawowa da tabon shayi da ƙurar siminti,
da rubutun mutanen da ban taɓa gani ba.

Kada in yi ƙarya, an sha rigima.
Yila ya ci shafi tara kan sashe guda.
Bappa Manu, kullum mako mai zuwa,
har furfura ta riga rubutunsa fitowa.
Wani ya yage shafi, nasa ne,
ranar da aka fara raɗe-raɗin za a ba shi alƙalanci.
An yi Alhamis uku a jere
daga ni sai fanka, tana kaɗa kai kamar ta san hukuncin.

Sai ranar nan a babbar kotu.
Wata yarinya daga Nafada, Dija,
rigarta ko kodewa ba ta fara ba,
ta tasa shaidana a gaba, tana bi a hankali,
ta zo daidai bakin ramin da na haƙa mata,
inda kowane sabon lauya ke ƙara tambaya ɗaya,
sai ta rufe takarda.
Ta ce: shi ke nan, ya mai shari'a.

Na gane shafi na sittin da biyu.
Na gane tsohon Dukku.

A matattakala, mai ƙarata ya fizgi hannuna:
wa ya koya wa 'yar nan wannan wayo?
Na ce ni ne.
Ya karɓi fayil ɗinsa, bai yi sallama ba.

Yanzu muna kan kundi na bakwai.
Gidado ya kwanta dama, bara da azumi,
kujerarsa ba mu bar ta wofi ba, ya tsani ɓarna.
Mai agogo ya tashi, masu sayar da waya sun shigo.

Alhamis ɗin nan Dija ta hau benen,
ta miƙo mini biro da hannu biyu:
Barista, layinka ne.
Na rubuta yadda ta kayar da ni, ban rage komai ba.

Da ta karanta, ta ciro jan biro daga jaka,
ta gyara mini shekarar wani hukunci a gefe.
Na duba.
Ita ce da gaskiya.